Rediyon da Ya Yi Shiru Ranar Sakin Ruwa

Ga wani misali, ka riƙe shi da kyau, domin irin wannan ɓarna ba ta yin sallama, kuma sau da yawa mai yin ta ba jahili ba ne.

An taɓa kiran wani mai gyaran kwamfuta daga birni zuwa garin kawunnansa, wani gari na bakin kogi, domin ya sabunta kwamfutar ƙaramin gidan rediyon da manoman fadama suka dogara da shi. A fadamar nan waya ba ta kamawa, rediyo kaɗai ke isa, shi ya sa kowane manomi yakan rataye nasa a reshen bishiya yana ban-ruwa. Aikin da aka ɗora wa mutumin shi ne ya sake gina abin da masu sana'ar ke kira kanel, wato zuciyar manhajar kwamfuta, wadda ke sanar da ita kowace na'ura da aka jona mata. Al'adar wannan gini kuwa ita ce kwamfutar ta riƙa tsayawa tana tambaya: wannan na'ura, a sa ta ko a bar ta? Waccan fa? Kamar dai yadda tela ke auna kafaɗa da hannu kafin ya sa almakashi. Sai dai akwai wani gajeren umarni da ke rufe mata baki, ta kwashi amsoshin da waɗansu mutane na nesa suka tanada don irin kwamfutocin da suka saba gani, ta yi gininta da su ba tare da ta tambayi kowa komai ba.

Mutumin nan ya san hanyoyin duka biyu, kuma a nan laifinsa yake. La'asar ta yi, yana jin kwandastan motar ƙarshe yana kiran fasinja a tasha, ya dubi tambayoyin da ke jiransa, ya ga kamar ba za su ƙare ba. Ya ce a ransa: ai a ofisoshin birni haka nake yi, ban taɓa jin kunya ba, balle a wannan ɗan ɗaki mai rufin kwano. A ƙarƙashin teburin kwamfutar akwai wani tsohon akwati, wanda ta cikinsa murya ke bi kafin ta hau eriya. Irinsa ya daɗe da fita daga kasuwa, waɗanda suka tanadi amsoshin nan ma sun bar zaɓinsa a rufe, sai wanda ya nema ya buɗe. Da ya bar kwamfutar ta yi tambayarta, da ta iso kan akwatin nan, da kalma ɗaya ta wadatar. Shi kuwa a kan akwatin ma ya ɗora ƙafa lokacin da ya buga umarnin! Ginin ya kammala, allo ya haska fes. Bai ce a ɗauko rediyo a gwada ba, tun da gidan sai da safe yake buɗewa. Ya rataya jakarsa, ya kama mota, yana jin daɗin saurin hannunsa.

Da safe saƙo ya iso cewa za a saki ruwan madatsa kafin azahar, kowa ya janye kayansa daga fadama. Mai gabatarwa ya zauna gaban makirufo ya yi ta shela har muryarsa ta dushe. Allo yana nuna masa murya na shiga, bai san ba ta fita ba, don kwamfutar ba ta ma san da akwatin da ke ƙarƙashinta ba. A fadama, rediyoyi suna lilo a rassan bishiyoyi, ba abin da ke fitowa sai shuuu, manoma suka ɗauka yau ma an makara ne. Kafin a gane, a tura masu babura, ruwa ya riga su. Allah ya tsare rayuka, amma injinan ban-ruwa sun nutse, albasar da aka cire aka tara don kasuwa ta bi kogi tana yawo kamar kumfa.

Da aka sake kiransa, nan take ya gano inda abin yake, kuma saurin gano shi ya fi komai ƙona masa rai. Ya bar kwamfutar ta yi tambayarta, ya amsa, murya ta dawo. To, murya ta dawo, albasa fa? A bakin ƙofa ya tarar da kawunsa, laka har gwiwa, noman ranin bana kaf ya tafi. Dattijon bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Ɗan nan, an ce abin nan yakan yi tambaya kafin ya yi aiki. Bai tambaye ka ba ne?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya so ya tambaya, Kawu. Ni na hana shi."

Dattijon ya ce, "Ashe abin ya fi ka ladabi." Ya juya ya koma ciro injinsa daga laka.

Amsoshin nan da aka tanada ba mugaye ba ne, amma ba a jikin wannan gari aka auna su ba, kuma wanda aka biya don ya auna shi ne ya ƙi. Hausawa sun riga sun gama magana: zanen aro ba ya rufe katara.