Maki Uku

A kan ma'aunin matsin tururi na goma sha biyu sabuwar ma'aikaciyar masana'anta ta gama yarda cewa tsohon injiniyan wurin maƙaryaci ne. Duk ma'aunin da ta haɗa da na'urar gwajinta sai ya zarce da maki uku, alhali ga sa hannunsa a kowace takarda, wai lafiya lau suke.

Tun safe ta gyara sha ɗaya, ta rage musu ukun, tukunyar tururi tana ta aikinta.

Ta tarar da shi a ɗakin kayan aiki yana goge tabarau.

"Baba, tsakaninka da Allah, kana auna su kuwa, ko daga kan kujera kake sa hannu?"

Ko gezau bai yi ba. "Da nawa suka kauce, 'yata?"

"Uku."

"Dukkansu? Ba mai biyu, ba mai huɗu?"

Idonta ya sauka kan na'urar da ke rataye a kafaɗarta, kan tsagar nan ta ranar da ta suɓuce mata daga tsani, ba ta gaya wa kowa ba. Ashe na'urar ce ke ƙarya, sha ɗayan da ta gyara kuwa yanzu suna nuna ƙasa da matsin gaske.

A bayan bango, tukunyar ta canza murya.