Dutse Mai Taurin Kai

A makonta na ƙarshe a wurin aiki, Encarna Tejedor ta fara kwashe tukwanen furanninta daga taga, da niyyar ta tafi salin-alin. Sai ga Eusebio, shugaban sashen, ya shigo riƙe da kofi biyu.

"Doña Encarna, wani ɗan aiki ne."

"Ɗan aiki ba ya zuwa da kofi, ɗana. Faɗi."

Wani kumbo da ke can bayan duniyar Mars zai gifta kusa da wani ƙaramin dutsen sararin samaniya ranar Juma'a. Giftawa ɗaya ce, babu dawowa. Lissafin da ake da shi na hanyar dutsen bai zauna ba, kuma idan aka saita kyamara a kansa haka, baƙin fili kawai za ta ɗauko.

Aikin Encarna ke nan tun tana da baƙin gashi, a wannan cibiya da ke wajen Madrid. Ita ke adana bayanan inda kowane kumbo yake a kowane lokaci, da inda ya fuskanta, da abin da kyamararsa ta kalla. Ita ta rubuta manhajar da masana ke yi wa waɗannan tambayoyi. Su ake gani a jarida, ita kuwa ko mai gadin ƙofa sai ya duba katinta.

Ta mayar da tukunyar da ke hannunta taga, ta zauna.

Dutsen ba shi da suna, lamba ce kawai doguwa. Ta tono tsofaffin hotunan wani kumbo da ya daɗe da mutuwa, ta same shi a gefen wasu daga ciki, ɗigo kamar kashin ƙuda. Ta ɗora a manhajarta, manhajar ta ƙi. Sauran duwatsu suna juyawa ne kamar gasasshiyar kaza a tsinke, wannan kuwa birgima yake yi ta ko'ina. Dole ta buɗe abin da ta rubuta tun zamanin ƙuruciya ta sake masa ciki.

A ɗakin cin abinci ta sauke haushinta a kan Nerea, wadda za ta gaji kujerarta.

"Ban taɓa ganin irinsa ba. Ga shi ɗan gajere, ga kumburi, ga taurin kai. Kowa ya yi dama, shi sai ya yi hagu."

Wainar ƙwai da dankali ta sarƙe Nerea, sai da aka bubbuga mata baya.

"Wata rana ma suna za a sa masa," in ji Encarna. "Wani babban masani ko mawaƙi. Duk wanda aka liƙa wa wannan, an gama da shi."

Eusebio ya miƙe da farantinsa, wai an kira shi a waya.

Maganar bikin sallamarta kuwa babu wanda ya ce uffan. Bara da wani injiniya ya yi ritaya, har garin Segovia aka kwashi mutane cin gasasshen rago. Ita ko katin bankwana ba ta ga ana zagayawa da shi ba, kuma in ta shiga ɗaki sai hira ta mutu. A gida ta gaya wa mijinta Fermín cewa ko a jikinta.

"Haka ne," in ji shi, ya ƙara ɗaga jarida ta rufe masa fuska.

Ranar Laraba manhajar ta amsa. Encarna ta gwada ta da tsofaffin hotunan, ɗigon ya faɗa daidai inda lissafi ya ce. Ta miƙa wa masu tuƙa kumbon, aka aika umarni. Daga nan babu abin da ɗan adam zai iya gyarawa.

Juma'a da la'asar babban ɗakin taro ya cika har bakin ƙofa. Ba ta taɓa ganin mutane da yawa haka sun damu da ɗan dutse ba. Eusebio ya ajiye mata kujera a gaba, ta ce ita a baya take zama, ya ce yau dai ta yi haƙuri.

Hoton ya fara sauka daga sama, layi bayan layi. Baƙi. Ƙarin baƙi. Encarna ta damƙe jakarta. Idan ta kuskure, da wannan baƙin allo za a tuna ta, in ma an tuna. 

Sai ga wani gefe mai toka-toka ya ɓullo, sannan rami, sannan wani ƙusumbi, har dutsen ya cika tsakiyar allo, haske kwance a kansa kamar an yi masa kwalliya. Ɗakin ya kaure da tafi.

"Mummuna ne," ta ce da Nerea, "amma ya tsaya inda na ce."

Tafin bai tsaya ba. Ta lura babu mai kallon allon. Ta waiga, ga Fermín a bakin ƙofa sanye da kwat ɗinsa na zuwa biki, yana share ido da hankici. Ta ɗauka ko ta yi wani abin kunya ne, don haka ta yi abin da ta saba yi da kowane hoto: ta sa tabarau ta duba rubutun ƙasa, ta tabbatar lambar daidai ce.

Bayan doguwar lambar an ƙara kalma ɗaya, sunan da dutsen zai amsa daga yau: Encarnatejedor.