Dutse a Gindin Buta

"Ajiye wuƙar nan," in ji Kaka.

Jikarta ta dakata da kankare farin ɓawon da ya daskare a gindin butar shayi. "Datti ne fa, Kaka."

Ranar da kamfanin siminti ya tashe su daga kan dutse ya zube su a kwari, ko tsakuwa masu gadi ba su bar Kaka ta ɗauka ba. Marmaron can sama sanyi ƙalau, bai taɓa ɓata mata buta ba. Na nan kuwa ɗumi-ɗumi, sabulu ma ba ya kumfa.

"Ke mai karatu, mene ne shi?"

"Farar ƙasa ce. Ruwan ya yi doguwar tafiya ta cikin dutsen, kafin ya iso nan ƙasa, sai ya narkar da shi ya taho da shi."

Kaka ta shafa ɓawon da yatsa. "Wato dutsena ne ya biyo ni."

Ta cika butar, ta ɗora a wuta.

"Su yi ta kwasa da motocinsu. Ni ma zan kwashi rabona, buta-buta."