Inda Ya Dace da Rayyan

Lado ya ajiye ƙunshin tsire a gaban matarsa Karimatu, ya ce bana za a tafi vakans, wato hutu, kuma ita ce za ta zaɓi gari.

Ta ɗauka zolaya ce. Tun da aka kawo ta daga Mubi, iyakarta unguwar Briqueterie: gida, kasuwa, asibiti. Lado kuwa mai yadi ne da ko ranar Sallah sai ya leƙa shago. Amma sai ga shi yana lissafa garuruwa uku, duk inda yayyensa mata suke aure, wai don kada a sha wahalar masauki. Kiribi wurin Jiddah, Fumban wurin Rabi, Ngaundere wurin Jamilatu.

"Kada ki duba ni, kada ki duba kanki," in ji shi. "Ki duba inda ya fi dacewa da yaron."

Yaron shi ne Rayyan, ɗan shekara biyu, ɗan farinta. A gaban mutane ba ta kama sunansa. In ya faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi, dangin Lado suna ta yabon alkunyarta. Kayya, da sun san abin da ake yi in an rufe ƙofa! Har tafin ƙafarsa take sunsuna, kuma ba ta iya barci sai hannunta na kan cikinsa. Ga wani cikin ya fara ɗaga mata zani. Ta san kafin a jima goyo zai raba mata hankali, saboda haka ta ƙudura wannan tafiya tata ce ita da ɗanta.

Ta ɗauki zaɓen kamar aikin farilla. Jiddah ta turo hoton teku a waya, Karimatu ta kalla sau ɗaya ta soke Kiribi. Yaron da ko bahon wanki ya gani sai ya tsunduma kai, shi za a kai bakin teku? Ga sauro.

Fumban ta ɗan ja ta. Sai ta ji cewa gidan Rabi bene ne, matakalarsa ba makari. Ta kuma tuna wani biki a unguwar Tsinga da Rabi ta zabga wa ɗan maƙwabta mari a kan cingam. Ta soke Fumban ba tare da ta faɗi dalili na biyu ba.

Saura Jamilatu. Gida da katanga, ƙofa da sakata, rijiya a rufe, asibiti a bayan layi, kindirmo kullum safiya. Allah bai ba Jamilatu haihuwa ba, don haka babu manyan yaran da za su ture shi. Karimatu ta ce wa Lado nan ne, ko tantama babu.

"Kin tabbata?"

"Ko ni kaɗai aka tambaya a duniya, nan zan ce."

Da labari ya kai wa Jamilatu, kuka ta fashe da shi a waya. Karimatu ta ce a ranta, wannan baiwar Allah akwai son baƙi. Daga nan kullum sai Jamilatu ta kira. Me yake ci? Me ke sa masa gudawa? Yana tsoron kaji? Karimatu da ba ta taɓa samun wanda za ta yi wa hirar ɗanta ba, sai ta saki baki. Har yadda ake shafa masa bayan kunne in barci ya ƙi zuwa, sai da ta faɗa.

Wurin haɗa kaya, Lado da kan yi mita a kan jaka ɗaya ya ce a zuba duka, Ngaundere akwai sanyi. Har rigunan da aka ɗinka da girma don baɗi ya ce a sa, da katin rigakafi, da kofin robar da yaron ba ya shan ruwa sai da shi.

Ranar tafiya, bayan azahar, Lado ya ce zai kai kaya tasha da wuri, zai tafi da Rayyan ya ga jirgin ƙasa. Ita ta je ta yi wa mahaifiyarsa, Hajiya Talatu, sallama, Gali mai taksi zai zo ya ɗauke ta. Yaron ya miƙo hannu daga kafaɗar ubansa yana kiranta. Mata na zaune a zaure, sai ta kau da kai.

A gidan Hajiya ta tarar da baƙi. Ta gaida kowa, ta raɓe a bakin ƙofa da jakarta. La'asar ta yi, ba Gali. Hayaƙin masu tsire ya fara tashi a bakin titi, ba Gali. Ta kira Lado a ɓoye cikin mayafi, waya a kashe. Amma ina bakin tambayar miji da ɗan fari a gaban suruka? Aka kira magariba, aka idar, baƙi suka watse. Jirgi kuwa ba ya jiran kowa, ta san ya tashi.

Sai a lokacin Hajiya ta lura da jakar. Ta yi murmushi, ta jawo ta kusa, ta dafa mata kai.

"Kwana kika zo yi mana? Gara haka, 'yar nan, daren farko ɗaki yakan yi wa mace faɗi. Allah ya yi miki albarka, kin raba mana gardama. Yayyen Lado su ukun nan tun yaron yana zanen goyo suke rigimar wadda za a ba riƙonsa, shi ne Lado ya rantse babu mai zaɓa masa uwa sai ke."