Gara da Masu Karatun Bulus

Ka ce in raka ka shagon nan mai gilashi da fanka, inda kowane littafi ke naɗe a leda kamar sabuwar shadda, ni kuma na ce mu je inda ake barin mutum ya taɓa. To, zauna tukuna, mutumina, ka ji wani misali, sannan ka zaɓa.

An yi wani mai sayar da littattafai a bakin kasuwar wani gari. Shagonsa ginin ƙasa ne, ɗaki na gaba da ƙuryar ciki, kuma duk abin da ya mallaka a duniya yana kan kantocin nan, da su yake ciyar da iyalinsa. Ya ajiye benci don masu saye su huta, sai bencin ya haifar masa da masu karatun bulus. Akwai tela mai lasar yatsa kafin ya buɗe shafi. Akwai tsohon direba mai tabarau ɗaure da zare. Akwai wata ungozoma da ke karatu a tsaye, wai sauri take yi, har la'asar ta riske ta a nan. Ba su cika saye ba, ga su kuma da wata ɗabi'a: duk wanda bai gama littafi ba sai ya sa tsinken tsintsiya inda ya tsaya, ya cusa littafin can bayan kanta, jikin bango, don kada wani ya saye kafin gobe. Telan nan kuwa ɗan neman magana ne. Da direba ya juya baya sai ya sauya wa littafinsa maɓoya. Washegari direba ya zo ya birkice shagon kaf, yana lalube sama da ƙasa yana cewa, "Kai ɗan ɗinki, Allah ya sa allurarka ta karye a wandon ango!" Tela na dariya har hularsa ta faɗi. Ba a jima ba kowa ya koyi tsiyar, ungozoma ma ta shiga ciki, ya zama babu lungun da hannu ba ya kaiwa kullum.

Mai shago yana jin daɗin hirar, amma abin na cin ransa. Bangon littattafai ya fara lanƙwashewa, gefen shafuka ya yi duhu da hannu. Tsoronsa kada kayan su tsufa a hannun waɗanda ba sa saye, shago ya mutu a tsaye. Korar su kuma da kunya, don sun riga sun zama 'yan gida, su ne sahun gaba ranar sunan ɗiyarsa. Sai ya yi dabara. Ya tsince manyan littattafai masu tsada, ya jera su a kwalaye, ya ɗaure da igiya, ya kai ƙuryar ciki, ya danna kwaɗo. Ya ce su huta a nan, tsaf-tsaf, sai mai saye na gaske ya zo. Sauran ya bar wa 'yan benci su yi ta damuƙa. Damina ta sauka da ƙarfinta, bangon ƙasa ya sha ruwa ya yi laushi, shi kuwa duk sanda ya dubi kwaɗon nan sai ya shafa gemu, yana yaba wa kansa wayo.

Da kaka ta yi, sai ga wani shugaban makaranta daga wani gari yana neman manyan littattafai masu yawa. Mai shago ya miƙe da fara'a, ya buɗe ƙurya. Kwalaye na nan yadda ya bar su, igiya ko motsi ba ta yi ba. Ya sunkuya ya ɗaga na farko, sai ya ji shi sakayau, gindin kwalin ya tsaya a ƙasa, jar ƙasa ta zubo masa a ƙafa. Gara ce. Ta samu ɗaki shiru, babu mai tari balle mai lalube, ta zauna ta karance littattafan nan tas, bangonsu kawai ta bar masa shaida. Nan take ya tuna ginin ƙasa ɗaya ne ya zagaye ɗakunan biyu. Ya ruga ɗakin gaba ya janye kantoci. Ga sawun gara nan birjik a jikin bangon, amma duk guntaye ne: ta fara gini nan an rushe, ta koma can an murƙushe. Ita gara ba ta zama inda ake motsi. Duk ranar da ta ɗora ƙasa, sai hannun wani ya zo neman littafin da aka ɓoye masa ya watsa mata aiki, shi bai ma san ya yi ba. Littattafan gaba sun yi dauɗa, sun sha yawun tela, amma ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Daga cikinsu baƙon ya zaɓi abin da ya samu, da su kuma mai shago ya sake miƙewa. A makon nan ya ɓalle ƙofar ƙuryar, ya kai wa kafinta ya ƙera masa sabuwar kanta da ita, ya ce kowa ya shiga har ciki ya birkita son ransa.

Shi ya sa in na shiga shago na ga littattafai sun yi laushi da hannun mutane, hankalina yakan kwanta, na san akwai rai a wurin. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.