Macijin Ƙofar Asibiti

Ina ɗan firamare Baba ya ɗauko Kaka daga Chinade a babur, ina riƙe da ita ta baya, tari ya ci ƙarfinta. A ƙofar asibiti a Azare ta ga zanen maciji nannaɗe da sanda, sai ta toge.

"Inna, alamar waraka ce," in ji Baba. "Likitoci sun gaje ta daga Girkawan dā."

"Su Girkawan suna ina yanzu?" ta ce. "Mai da ni gida."

Baba ya roƙe ta har da hawaye. Muka juya. Ba ta ga damina ba.

Har yau in motar asibiti ta wuce, macijin nake fara gani, kuma ban samo wa Kaka amsar tambayarta ba.