Wa Ya Dagula Iskar Dakta Makame?

"Jahilai! Ku matso ku ga abin kunyarku!"

Dakta Makame ya tara masuntan ƙauyen a gindin mangwaro, yana huci. Tunda ya kafa na'urar auna hargitsin iska a kan dogon ƙarfe cikin tekun Pemba, kullum da azahar sai awon ya haukace. Ya rantse su ke taɓa ta. Ya ɗana kyamara a ɓoye, ya ƙi duba hoton sai a gabansu.

"Dakta, mu da iskarka ko gaisuwa ba ma yi," in ji Baba Kombo, shugaban masunta.

"Rufe mini baki, tsoho. Ban da kifi me kuka sani?"

Ya kunna. Ga kwalekwale ya iso. Wani mai tumbi ya dudduba na'urar, ya faɗa ruwa ya yi wanka, sannan ya shanya jiƙaƙƙen zanensa daidai bakinta. Iska ta yi ta kaɗa shi.

Baba Kombo ya dubi hoton, ya dubi zanen da ke ƙugun Dakta.

"Lallai jahili ne. Mu kama shi yanzu, Dakta, ko mu bari zanen ya bushe?"